Kiwon aladu don nama: fara daga wuƙar mahauci, ka dawo garke

Daga ranar da namiji ya hau mace zuwa ranar da 'ya'yanta za su isa yanka, wata goma ne ko kusa da haka: kwana 114 na ciki, sai wata biyar da rabi zuwa shida na girma. Wato naman da za ka kai kasuwa a ƙarshen shekara, tun farkon shekara ka yanke shawarar yadda zai kasance, ko ka sani ko ba ka sani ba. Yawancin masu shiga wannan sana'a suna farawa ne da sayen aladu, sai sun girma sannan su fita neman mai saye. A ganina juyin waina ake yi wa aikin. Mai saye za ka fara samu, ka ji abin da wuƙarsa take so, sannan ka dawo ka zaɓi jinin da zai ba shi wannan abin.

Da farko, je ka tsaya kusa da mai saye

Kafin ka kashe ko sisi, ziyarci mutum uku ko huɗu daga cikin waɗanda kake sa ran za su riƙa sayen aladunka: mahauci mai yanka ya sayar ɗanye, mai gidan abinci, mai sarrafa nama ya kyafe ko ya gishirta, da dillali mai sayen rayayyu. Tambayoyin ba su da yawa. Nauyin kilo nawa kake so? Kaurin kitsen baya nawa ne ya yi maka yawa? Da fata kake saye ko a feɗe? Guda nawa a wata, kuma wane wata ne ciniki ke tashi? Da rai za ka auna ka biya, ko sai bayan an yanka an fitar da kayan ciki?

Wannan tambaya ta ƙarshe ta fi yadda ake zato nauyi. Alade mai kilo 100 da rai yakan ba da gangar nama mai kilo 72 zuwa 80 bayan an cire jini da kayan ciki. Idan da rai ake biyanka, saurin girma ne ribarka. Idan a kan gangar nama ake biya, ana kuma duba kitse, to tsoka ce ribarka. A ƙasashen Tarayyar Turai har daraja-daraja ake sa wa gangar nama da haruffan SEUROP, inda harafin S yake nufin tsoka ta kai kashi 60 cikin ɗari ko fiye, kuɗi kuma yana bin harafin.

Masu saye ba bakinsu ɗaya ba. Mai sayar da ɗanyen nama ga masu gudun maiƙo yana son tsoka zalla da kitse siriri. Mai gasawa da mai busar da cinya ta yi watanni suna son kitsen da ya ratsa cikin tsoka, don shi ne ke riƙe danshi da ɗanɗano. Mai kyafe naman ciki yana son alade mai dogon jiki da kitse mai tauri wanda zai yanku siriri-siriri. Ba alade ɗaya da zai gamsar da su duka. Manoman Danmak sun gane haka tun ƙarshen ƙarni na 19: kasuwar Ingila tana son gishirtaccen naman gefe, sai suka haɗa irin aladen Ingila da ake kira Large White da aladunsu na gida, suka yi ta zaɓe har suka fitar da Landrace mai dogon jiki. Kasuwa ce ta ƙera wannan iri, ba son ran makiyayi ba.

Da ka samu amsoshin nan, rubuta su a jimla ɗaya. Misali: alade mai kilo 100, kitsen baya matsakaici, guda ashirin kowane wata. Duk abin da zai biyo baya, da wannan jimla za ka auna shi.

Zaɓen jini: uwa daban, uba daban

Aikin uwa da aikin uba ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne sababbin shiga suka fi yin tuntuɓe. Daga uwa ana neman yawan 'ya'ya, yawan nono, haƙuri da reno. Daga uba ana neman saurin girma, tsoka, da ingancin nama. Da wuya iri ɗaya ya haɗa duka biyun a matakin ƙoli.

A ɓangaren uwa, iri biyu ne suka mamaye duniya: Large White, wanda asalinsa yankin Yorkshire ne a Ingila, fari mai tsayayyun kunnuwa, da Landrace, fari mai dogon jiki da kunnuwa masu rufe ido. Idan aka haɗa su biyun, macen da aka samu takan fi kowane ɗaya daga cikin iyayenta haihuwa da reno. Wannan ƙarin ƙarfi na ruwa biyu sananne ne a kimiyyar kiwo, kuma ya fi bayyana a halayen da ba sa bin gado sosai, kamar yawan 'ya'ya da rayuwar jarirai.

A ɓangaren uba zaɓi ya fi faɗi, kuma jimlar nan da ka rubuta ita za ta yi maka jagora. Duroc, ja ne, asalinsa arewa maso gabashin Amurka, yana girma da sauri, yana da juriya, naman 'ya'yansa kuma yana da kitsen nan mai ratsa tsoka. In an tambaye ni uba ɗaya da zai dace da yawancin kasuwanni, shi zan nuna. Pietrain na Beljiyam, fari mai dabbare-dabbaren baƙi, shi ne sarkin tsoka, cinyarsa kamar an hura, amma namansa yakan bushe a baki kuma yana da wata matsalar gado da zan zo kanta. Hampshire baƙi ne mai farin ɗamara a kafaɗa, shi ma mai tsoka. Berkshire baƙi ne mai fari a ƙafafu da hanci da jela, ba ya saurin girma, ba ya yawan 'ya'ya, amma namansa ya yi suna wajen taushi da launi, har a Japan ana sayar da shi da sunan Kurobuta a farashi na daban. Kada ka taɓa irin wannan sai ka riga ka samu wanda ya yarda zai biya ƙarin kuɗin, don abincin da zai ci kafin ya isa yanka ya fi na sauran.

Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne haɗin jini uku: uwa ruwa biyun Large White da Landrace, uba Duroc ko wani irin tsoka, 'ya'yan kuma duk na yanka ne, maza da mata. Kalmar "duk" ɗin nan ita ce mai wuyar kiyayewa. Za ka ga wata 'yar budurwa a cikinsu ta yi kyau, zuciyarka ta ce ka ajiye ta ta zama uwa. In ka yi haka ka shigo da jinin uba cikin layin uwa, kuma in ba ka lura ba, ubanta ne zai hau ta. Barbara tsakanin dangi na kusa tana rage yawan 'ya'ya, tana fito da nakasu kamar ƙabar cibiya da gwaiwa da ɗa marar dubura. Matan da za su maye gurbin tsofaffi, ko dai ka saye su daga amintaccen mai kiwon iri, ko ka ware 'yan mata kaɗan mafi kyau da namiji na layin uwa don wannan aiki kawai.

Wata magana da ake mantawa: irin da ya yi fice a takarda yana bukatar abinci da ɗaki irin na takardar. Alade ba ya gumi yadda zai sanyaya jikinsa, farare kuma rana tana ƙona musu fata. Inda zafi ya yi yawa ko abinci bai wadata ba, haɗa ingantaccen namiji da matan da suka saba da wurin yakan fi sayo tsantsar baƙon iri ya zo ya rame.

Gado biyu da ke ɓata nama

Akwai wata ƙwayar gado da ake kira halotan, sunan da ta samo daga iskar sa barci da ake gwada aladu da ita a da. A 1991 masu bincike a Kanada suka gano ainihin wurin da take, a ƙwayar RYR1, tun daga nan ake gane ta da gwajin jini ko na gashi. Aladen da ya gaje ta daga uwa da uba yana da tsoka sosai, amma abu kaɗan ke firgita shi: jikinsa ya ɗau zafi, ya sandare, wani lokaci ya faɗi matacce a mota ko wajen barbara. In ma ya kai mayanka da rai, namansa yakan fito fari fat, lagwai-lagwai, yana tsiyayar ruwa. Masana suna taƙaita sunan irin wannan nama da PSE. Mai saye yana ganinsa a faranti cikin ruwansa zai kau da kai. An fi samun ƙwayar a Pietrain, ko da yake yanzu akwai layukan Pietrain da aka tsarkake daga ita.

Ta biyu ana kiranta RN, an fi saninta a Hampshire. Ita tana sa tsoka ta tara sukari fiye da kima, bayan yanka sukarin ya koma tsami, naman ya kasa riƙe ruwa, ya ƙanƙance wajen dahuwa. Masu sarrafa cinya sun fi kowa ƙin ta, don nauyin da suka biya yana tsiyayewa a tukunya.

Abin yi ɗaya ne: duk wanda zai sayar maka da namiji ko maniyyi, tambaye shi sakamakon gwajin waɗannan biyun. In ya ce bai taɓa jin su ba, ka san matsayin garkensa.

Zaɓen dabba ɗaya-ɗaya

Sunan iri ba ya isa, don a cikin Duroc ma akwai na banza. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a kiwo ba kowane hali ne yake bin jini da ƙarfi ɗaya ba. Kaurin kitsen baya da kitsen cikin tsoka suna bin gado sosai, kusan rabin bambancin da ake gani tsakanin aladu daga jini yake. Saurin girma matsakaici ne. Yawan 'ya'ya kuwa gadonsa kaɗan ne, wajen kashi 10 cikin ɗari, sauran duk kulawa ce da haɗin jini. Ma'anar wannan a aikace: ingancin nama za ka iya gyara shi da sauri ta hanyar zaɓen uba nagari, amma yawan haihuwa ba zai gyaru da zaɓen mace ɗaya da ta taɓa haifar goma sha biyar ba.

Macen da za ta zama uwa, juya ta ka ƙirga kan nono: aƙalla 12, gara 14, jere biyu daidai, babu wanda ya lotsa ciki. Sa ta ta yi tafiya a kan daɓe ka kalli ƙafafun. Ƙafa ce ke kashe uwa kafin lokacinta, don wadda ke ɗingishi tana budurwa ba za ta ɗauki nauyin ciki huɗu ba. Ta fito daga uwa mai nono da sanyin hali, al'aurarta kuma kada ta yi ƙanƙanta ainun.

Namiji kuwa rabin garke ne. Mace ɗaya za ta ba ka 'ya'ya ashirin da wani abu a shekara, shi kuwa jininsa yana cikin kowane ɗa da aka haifa. Kuɗin da za ka tsuke a wani wuri, sake shi a nan, araha ba ta ado. Duba maraina biyu su sauko, girmansu ɗaya. Duba faɗin baya, cikar cinya, ƙarfin ƙafafun baya. Nemi tarihin girmansa: kwana nawa ya yi kafin ya kai kilo 100, kuma kitsen bayansa nawa ne a lokacin. Ana auna kitsen da ɗan na'urar sauti a daidai haƙarƙarin ƙarshe, santimita 6.5 daga tsakiyar baya. Ido ba mudu ba ne ko da ya san kima, kuma a kan kitse ido yana yawan ruɗuwa.

Gargaɗi ɗaya daga tarihin sana'ar: shekaru da dama masu kiwo a Turai da Amurka sun yi ta zaɓen alade mafi ƙarancin kitse, har suka wayi gari nama ya zama busasshe marar ɗanɗano, don kitsen cikin tsoka ya bi na baya ya tafi. Ana ganin sai kitsen cikin tsoka ya kai wajen kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari kafin mai ci ya ji daɗin nama. Kada ka kori kitse har ka kori mai saye.

Duk dabbar da ka sayo, killace ta nesa da garke na tsawon kwana 30 kafin ta haɗu da sauran.

Barbara da lissafin kalanda

Budurwa takan fara neman namiji tana wata biyar zuwa bakwai, amma kada a ba ta a karon farko. A jira karo na biyu ko na uku, tana wata bakwai zuwa takwas, nauyinta kilo 135 zuwa 150 a manyan iri. Wadda aka yi wa gaggawa takan haifi kaɗan, ta rame wajen shayarwa, ta ƙi dawowa neman namiji. Shi ma namiji sai ya kai wata takwas, a fara masa a hankali, in ya ƙosa zai iya ɗaukar mata 15 zuwa 20.

Mace tana neman namiji kowane kwana 21, abin yana ɗaukar kwana biyu zuwa uku. Al'aura ta kumbura ta yi ja, ta rage cin abinci, ta riƙa gurnani da hawan 'yan'uwanta. Alamar da ba ta ƙarya ita ce tsayuwa: danna bayanta da hannu biyu, musamman in namiji yana kusa tana jin warinsa, in ta ƙame ta ɗaga kunne ta ƙi motsi, lokaci ya yi. A kai ta ɗakin namiji, ba a kawo shi nata ba, a yi barbara sau biyu da tazarar awa 12 zuwa 24. Wanda ke amfani da ɗurin maniyyi ya tuna cewa maniyyin alade ba ya son sanyin firij: digiri 16 zuwa 18 ake ajiye shi, kuma kwanaki kaɗan yake yi. Amfanin ɗuri shi ne mai mata biyar ma zai samu jinin uban da ba zai iya saye ba. Zafi mai tsanani ko zazzaɓi yana lalata maniyyin namiji har na tsawon makonni shida, saboda haka in mata da yawa suka ƙi ɗaukar ciki a lokaci guda, waiwayi abin da ya sami namijin wata ɗaya da ya wuce.

Bayan kwana 18 zuwa 24 a sake duba ta. In ba ta dawo nema ba, ciki ya shiga: wata uku, mako uku, kwana uku.

Yanzu ga lissafin kasuwa. A ce mai sayenka yana son guda 20 a wata, 240 ke nan a shekara. Ciki kwana 114, shayarwa kwana 28, sai kwana biyar kafin ta sake nema, jimla 147. A takarda haihuwa biyu da rabi ke nan a shekara, amma ka yi lissafi da biyu, don wata za ta ƙi ɗauka, wata za ta yi ɓari. In kowace haihuwa ta kai tara zuwa kasuwa, mace ɗaya 18 ke nan, kana bukatar mata 13 ko 14. Kada ka ba su namiji a mako ɗaya. Raba su, biyu ko uku kowane wata, don mai saye ya fi son wanda ke kawo ashirin kowane wata a kan wanda zai kawo ɗari yau ya ɓace rabin shekara. In akwai watan da ciniki ke tashi, ƙirga wata goma baya ka ƙara barbara a lokacin.

Ka kuma yi hattara da wani zagaye da masana tattalin arziki suka daɗe da saninsa a kasuwar aladu: farashi ya hau, kowa ya ruga ya ƙara mata, bayan shekara nama ya cika kasuwa, farashi ya faɗi, kowa ya sayar da matansa, nama ya yi ƙaranci. Wanda ya faɗaɗa garke ranar da farashi ya kai ƙololuwa, a rami zai sayar.

Daga haihuwa zuwa yaye

Mai ciki ba ta son ƙiba: kilo biyu zuwa biyu da rabi na abinci a rana ya isa. Mai shayarwa kuwa a ba ta iyakar cikinta, da ruwa ba yankewa. Jarirai su sha dakashi a awannin farko, a ware musu lungu mai ɗumin digiri 30 zuwa 32 da shingen da zai hana uwa danne su, a yi musu allurar ƙarfe a cikin kwana uku, don nonon alade ba shi da isasshen sinadarin ƙarfe. Ana yaye su a mako uku zuwa huɗu inda akwai abincin jarirai mai kyau, inda babu a jira mako shida ko fiye.

Abin da ya shafi nama kai tsaye a nan shi ne fiɗiya. Namijin da ya balaga ba a fiɗiye shi ba, kitsensa yakan tara sinadarai biyu, androstenon da skatol, waɗanda ke tashi da wari mai kama da fitsari da zarar nama ya ji wuta. Ba kowa ke jin warin ba, amma wanda ya ji sau ɗaya ba zai dawo ba. Hanya uku ce: a fiɗiye a makon farko, da tsabta da maganin rage zafi, ko a yi allurar da ke dakatar da balaga, sau biyu, ta biyun mako huɗu zuwa shida kafin yanka, ko a yanka maza tun suna ƙanana kafin su balaga. Tambayi mai sayenka wacce ya yarda da ita, ka kuma duba dokar ƙasarka. Sani kuma cewa fiɗiyayye ya fi mace saurin tara kitse, don haka in hali ya yi a raba musu ɗaki, a fitar da fiɗiyayyun da wuri.

Abin da ya shiga kwami shi ke fita a nama

Abinci ne ke cin kaso mafi girma na kuɗin kiwo, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Alade mai jini nagari yana cin kilo biyu da rabi zuwa uku ya ƙara kilo ɗaya. Yayayye yana son furotin wajen kashi 20 cikin ɗari, mai tasowa 16 zuwa 18, na ƙarshen turka 14 zuwa 15. Yawan furotin kaɗai bai isa ba, sai da sinadarin laisin, wanda hatsi ba shi da shi sosai. In ya yi ƙaranci, aladen da aka haifa don tsoka zai koma tara kitse, ka zargi jini alhali kwami ne mai laifi.

Alade cikinsa ɗaya ne, ba ya tuƙa kamar saniya, saboda haka irin man da ya ci kusan haka yake ajiye shi a jikinsa. Abinci mai yawan man tsirrai, kamar waken soya da ba a matse ba ko dusar shinkafa mai yawa, yana ba da kitse mai laushi da ba ya daskarewa, ba ya yankuwa, yana saurin ɗaukar warin tsufa. Garin kifi kuwa yana sa nama ƙarni. Duka biyun a rage su ko a janye a makonni huɗu zuwa shida na ƙarshe. Irin wannan ɗabi'a ce manoman Sifaniya suka mayar riba: baƙin aladensu na Iberiya yana kiwo a kan 'ya'yan itacen oak a watannin ƙarshe, man 'ya'yan itacen ya shiga kitsensa, cinyar ta zama ɗaya daga cikin mafi tsada a duniya. Bitamin E a abincin ƙarshe yana taimaka wa nama ya riƙe launinsa a kan tebur.

San lokacin tsayawa. Bayan kilo 100 zuwa 120, kowane ƙarin kilo ya fi na baya cin abinci, kuma yawancinsa kitse ne. Auna su kowane mako biyu, da sikeli, ka fitar da waɗanda suka kai.

Cutar da ke rufe kasuwa

Zazzaɓin aladu na Afirka ba shi da magani, yana iya share garke cikin kwanaki. Ya shiga Sin a 2018, ƙasar da ke cin kusan rabin naman aladen duniya, ya girgiza farashi a ko'ina. Ƙwayar tana rayuwa watanni a cikin nama, tana bin takalmi da tayar mota. Kada ka ba aladu ragowar abincin da nama ya taɓa, kada ka bar dillali ko mahauci ya shiga cikin garke, a fito masa da dabba bakin ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Aladen da ke yawo sakaka yana cin bayan gidan mutane yakan ɗauki ƙwan tsila, su zama ƙurajen ruwa kamar ƙwayar shinkafa a cikin tsoka da harshe. Mai duba nama zai hana sayar da shi, kuma da gaskiyarsa, don cutar tana kama mutum. Ɗaki mai shinge shi ne maganin wannan. Kowane magani ko allura da ka yi, karanta kwanakin jira kafin yanka ka rubuta ranar a jikin ɗaki.

Awa ashirin da huɗu na ƙarshe

Aikin wata goma yana iya lalacewa a rana ɗaya. Tsokar mai rai tana da ma'aunin tsami, wato pH, kusan 7, kuma lambar tana sauka ne in tsami ya ƙaru. Bayan yanka yakan sauka a hankali zuwa 5.5 ko 5.8 cikin awa 24, nama ya yi ruwan hoda mai kyau. In an firgita alade daf da yanka, an doke shi, an kora shi a guje cikin zafi, ma'aunin yakan sauko da sauri tun jiki yana da zafi, sai a samu farin naman nan mai tsiyaya ko da babu ƙwayar halotan. In kuwa wahalar ta daɗe, doguwar tafiya ko faɗa dare guda da baƙin aladu, sukarin tsoka ya ƙare tun da rai, ma'aunin ya tsaya sama da 6, nama ya fito baƙi-baƙi, busasshe, mai saurin lalacewa.

Saboda haka a janye abinci awa 12 zuwa 18 kafin yanka, amma ruwa ya zauna. A loda da sanyin asuba ko da dare. A tura su da faifan katako, ba da sanda ko wutar lantarki ba, kowane duka tabo ne a nama da mahauci zai yanke ya zubar. Kada a cakuɗa 'yan ɗaki daban-daban a mota ɗaya ba tare da shinge ba. A bar su su huta awa biyu zuwa uku a mayanka, a yayyafa musu ruwa in ana zafi. Bayan yanka a fitar da kayan ciki ba tare da jinkiri ba, a sanyaya nama ya sauka zuwa digiri 7 ko ƙasa cikin awa 24.

Kai kuma kada ka karɓi kuɗi ka juya. Bi aladunka har inda aka rataye su. Ka sa a yanka maka baya a daidai haƙarƙarin ƙarshe, ka auna kaurin kitsen da rula, ka kalli faɗin tsokar, launinta, da zaren kitsen da ya ratsa ta. Danna kitsen da yatsa ka ji ko yana da tauri. Yanki ɗan guntu ka ajiye a faranti cikin firij zuwa gobe ka ga ruwan da zai zubar. Wannan duka zai yi amfani ne kawai in kowane alade yana da lamba a kunne, littafinka kuma ya nuna uwarsa, ubansa, ranar haihuwarsa da abin da ya ci. Bayan yanka uku ko huɗu za ka fara ganin cewa 'ya'yan wancan namijin kullum sun fi kitse, na waccan uwar kullum suna makara mako biyu. Namijin da 'ya'yansa ba su dace da jimlar da ka rubuta tun farko ba, canza shi kafin barbara ta gaba. Uwar da ta haihu sau shida ko bakwai 'ya'yanta suka fara raguwa, ko wadda aka ba namiji sau biyu a jere ba ta ɗauka ba, a turke ta ta bi motar wata mai zuwa.